Ƙwaryar da Huraira Ta Bari a Ruga

A shekarun da mahara suka addabi dajin Birnin Gwari, an ɗauke wa Huraira 'yarta Hajjo a bakin rafi, yarinyar ko famfara ba ta yi ba. Huraira ta tsufa tana jira. Ran nan ƙanin mijinta Jumare ya dawo rugarsu ta wajen Gayam da labari: wani ayarin fatake ya sauka a zangon birni, cikin bayin madugun akwai wata mai kama da Huraira.

Huraira ta shiga shiri. Tana da ƙore na ado, kowace an zana mata ita a inda suka taɓa yada zango da shanu. Su ne tarihinta, su take nuna wa baƙi. Ta goge su da farar ƙasa, ta jera a raga. Hannunta ya kai kan wata tsohuwar ƙwarya mai tsaga, wadda ta ɗinke da jijiya. A ciki Hajjo take shan nono. Ta ɗauka, ta juya ta, ta ajiye. Wace Bafulatana ce za ta fito da fasasshiyar ƙwarya a gaban mutanen birni? Kunyar ido ce kawai, kuma kunyar ido ta sha kashe mutane da ransu.

Ta isa zango ta sami Madugu Abarshi, mutum ne mai raha, amma ba ya wasa da kayansa.

"Inna, ke ce ta uku da ta ce ta haife ta," in ji shi. "Uwa nawa mutum ɗaya yake da su?"

"Ranka ya daɗe, dubi goshinta, ka dubi nawa."

"Goshi kowa ma yana da shi. Ki nuna mata wani abu na gidanku. In ta shaida shi a gaban jama'a, na yarda ki fanshe ta. In rana ta karya, mun tashi."

Aka kira baiwar. Doguwa ce, siririya, ta durƙusa kanta a ƙasa. Huraira ta yi mata Fulatanci, ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Sai Huraira ta kwance raga.

"Kin ga wannan mai zanen ƙadangare? A bakin kogin Mariga aka yi mini ita, shekarar da ruwa ya tafi da jan maraƙinmu. Kina bayana, kina ta kuka."

Baiwar ta duba, ta girgiza kai.

"Wannan fa? Ga duwatsun Kuyello nan. Can kika fara tafiya."

"Ban san ta ba, Inna."

Matan zango suka kewaye su suna yaba zane, har wata tana tambaya ko na sayarwa ne. Huraira ta nuna ta Randagi, ta nuna ta ƙasar Zazzau. A lokacin ne ta tuna abin da ya kamata ta tuna tun a gida: ƙoren ado a rataye suke zama cikin raga, ba a barin yara su taɓa. Ita da kanta ta sha buge hannun Hajjo a kansu.

Baiwar ta ce a hankali, "Ƙwarya ɗaya nake tunawa. Ta tsage, an ɗinke ta. Ɗinkin yana sosa mini leɓe."

Huraira ta yi ƙara ta riƙo zanen baiwar. "Tana nan! Wallahi tana ruga!"

Abarshi ya yi dariya. "Wace ruga ce babu fasasshiyar ƙwarya? Kawo ta in sa cikin waɗansu, ta zaɓa."

"Ka jira ni zuwa gobe, don Allah."

"Daji ba lafiya, Inna. Ayari ba ya jiran kowa."

Ta bar ƙoren a ƙasa ta kama hanya, tsohuwa tana gudu tana faɗuwa. Washegari da hantsi ta dawo, ƙafafunta duk jini. Zango babu kowa sai toka da kashin jakuna. Ƙoren adon ma an kwashe.

Ta zauna gindin tsamiya da ƙwaryar a cinya. Duk ayarin da ya sauka bayan nan, sai ta tashi ta bi bayi mata ɗaya ɗaya, tana nuna musu ɗinkin. Ba wadda ta taɓa shaida shi.