Gadar Umara a Ƙofar Aji Uku

Umara ne ya kafe bencinan aji uku da siminti, shi ya sa keken Kellu ya kasa shiga.

Ba da mugunta ya yi ba. Lokacin da 'yan gudun hijira suka zauna a makarantar unguwarsu, duk abin da yake na katako ya shiga murhu. Da aka sake buɗe ta, iyaye suka haɗa sababbin bencina, aka ba Umara jerawa. Shi aikinsa loda shanu a tirela ne, amma tun da aka rufe Kasuwar Shanu ba aikin da yake ƙi. Ya jera su a matse yadda ake ɗaure shanu a mota, ya binne ƙafafunsu cikin daɓe.

Kellu shekararta tara. A bayan kakarta Turai ta baro ƙauyensu, ƙafafunta kuma ba su sake ɗaukarta ba. Kekenta mai ƙafa uku ne, na tuƙi da hannu. Dandamalin ƙofar ajin ya kusa kai gwiwa, ciki kuwa ko akuya sai ta karkace. Don haka a gindin taga take tsayawa tana leƙen allo, rana na dukanta.

Malama Rashida ta aika aka kira shi.

"Baba Umara, zo ka ga aikinka."

"Me ya same shi? Ko ɗaya bai motsa ba."

"Ai shi ne matsalar."

Turai na zaune kusa da keken. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne mai simintin? To ka ji. In Litinin ta zo yarinyar nan tana waje, ta gama boko. Rana muna da ita a gida, ba sai mun zo makaranta nema ba."

"Haba Iya, a ɗauke ta a shigar da ita mana."

"Ni ba buhu ba ce," in ji Kellu, ko kallonsa ba ta yi ba.

Shekara ashirin Umara yana lodi, ya san wanda aka ɗaga da ƙarfi da wanda ya hau da kansa ba ɗaya suke isa ba.

Ran Asabar ya zo da guduma ya farfasa simintinsa yana tsaki. Ya mai da bencinan jikin bango uku, aka bar fili a tsakiya, yadda dillalai ke kewaye saniya kowa ya gani. Ya auna faɗin keken da igiya, ya bar masa gurbi kusa da allo. Malama ta ce har yaran da ƙarar bam ta taɓa wa kunne yanzu za su riƙa ganin bakinta.

Saura dandamali. Tudun yashi ba zai yi ba, taya zai nutse, damina ta kwashe. Amma a gida yana da gadarsa, katako mai kauri da shanu ke takawa su hau tirela. Wanda ke da gada shi ne ogan lodi. Tun rufe kasuwa yake shafa mata baƙin mai kada gara ta ci. Ya daɗe tsaye a kanta, sannan ya ɗauko zarto. Ya rage mata faɗi, ya ciccire sandunan da ke tare kofato, ya kwantar da ita a ƙofar aji. Ita ma da siminti ya kafe ta, hali ba ya barin mai shi.

Ran Litinin Kellu ta murza, keken ya kai rabi ya dawo baya. Umara ya miƙa hannu.

"Baba, kar ka taɓa!"

Ta ja baya, ta sake murzawa, ta shige. Aji ya ɗauki ihu.

"Ashe akwai kai a ƙarƙashin hular nan," in ji Turai.

Bayan wata biyu aka buɗe kasuwa. Madu, wanda a da yaronsa ne a wajen lodi, ya zo da gudu.

"Oga, fito da gada, tirela biyu na jira!"

"Tana makaranta."

"Karatu take yi?"

"Aji uku."

Kafin sati ya zagayo Madu ya samo tasa gadar, ya zama oga. Umara kuwa, da furfurarsa, ya koma murɗa wutsiyar shanu a ƙarƙashinsa.