Sallar da Aka Hana Kalilu

Shekara uku ina kallon gonakin kwakwar manja daga sama. Aikin digirina na uku ke nan a jami'ar da ke Jalan Semarak: jirgi marar matuƙi ya ɗauko hoton gona, ni kuma in zauna gaban kwamfuta in ware itace mai lafiya da mai ciwo ta inuwarsa da launin ganyensa. Shi ya sa ranar da Alhaji Maitama ya ce mini hoton da na gani bai fita sosai ba, kowa ma zai iya zama, sai da na cije leɓe don kada in faɗi abin da za a ce ba ni da tarbiyya.

Mijina Kalilu ya biyo ni Malesiya da bizar iyali, wadda ba ta ba shi damar aiki. Mutumin da ya saba fita tun asuba a Kano ya koma zaman gida a Wangsa Maju, yana dafa mini shinkafa, yana kallon jirgin ƙasa ta taga. Zaman ya ci masa rai. Alhaji Maitama kuwa yana da ofis a Chow Kit, a saman shagon wani mai kifi. Shi ke yi wa ɗalibanmu tikiti da takardu, shi ake ajiye wa kujerar gaba in an yi suna. Shi ya ce wa Kalilu akwai aikin tuƙi a Rasha, a wani kamfanin abinci, nesa da inda ake yaƙi. Wata biyu Kalilu yana kirana yana ƙorafin sanyi da burodi. A na uku ya turo hotonsa cikin kakin soja, ya ce an sa su sun sa hannu a takardar da ba su iya karantawa ba, kuma kada in gaya wa Hajiyarsa. Daga nan ban sake jin muryarsa ba.

Wata Talata da hantsi ina ɗakin bincike, saƙon murya ya shigo daga baƙuwar lamba. Namiji ne, Hausarsa irin ta mutanen Gana, yana haki.

“Ke ce matar Kalilu? Tare muke da shi. Jirgin nan marar matuƙi ya same shi shekaranjiya a cikin Yukren. Ba mu iya ɗauko shi ba. Sun sa shi a intanet, ga shi na turo miki.”

Na bi lambar, ba ta shiga, har yau kuma ba ta taɓa shiga ba.

Bidiyon daƙiƙa arba'in da ɗaya ne, an ɗora masa kiɗa. Baƙin fili, ramuka, mutum ɗaya yana gudu, jirgi yana bin sa daga sama. Ban yi kuka ba. Na yi abin da na iya: na sauke shi, na tsinka shi hoto-hoto, na ƙara girma. Kalilu ya taɓa karyewa a kafaɗar hagu a hatsarin babur, tun daga lokacin in yana gudu hannun nan ba ya lilo, manne yake da haƙarƙarinsa. Sau nawa na tsokane shi a kan haka in muna sauri kada jirgin ƙasa ya tafi ya bar mu. Ga hannun nan a manne. A ƙarshe ya faɗa wani rami, ya jingina, ya ɗaga ɗan yatsansa na shahada, sai hoton ya ɗauke. A ƙasa mutane dubu-dubu sun rubuta dariyarsu.

Da yamma na hau mota zuwa Chow Kit. Alhaji Maitama ya kalli wayata sau ɗaya ya turo mini ita. A kan teburinsa na ga fasfo uku an ɗaure da roba, na sama na Muntasir ne, abokin Kalilu, wanda ya gama digiri na biyu yana jiran tafiya irin wannan.

“'Yata, *calm down lah*,” in ji shi. “Jiya-jiyan nan na yi magana da mutanena, yaron yana wajen da babu *network* ne kawai. Kada ki yi wa mai rai zaman makoki, ba kyau.”

Kafin in isa gida ya riga ya rubuta a dandalin ɗalibanmu cewa a yi wa matar Kalilu addu'a, karatu ya yi mata yawa. Mata suka yi ta zuwa da kulolin abinci. Su zauna, su dube ni da tausayi, su ce Allah ya bayyana shi. Ko ɗaya ba ta ce Allah ya jiƙansa ba. Na ji haushinsu, ba zan ɓoye ba, duk da na san ba mugunta ta kawo su ba. Mijina yana kwance a wani rami, ba wanka, ba likkafani, ba kabari, ga shi sallar ma ana neman a hana shi don kada fasfo uku su koma wajen masu su.

Na je wajen Malam Sharfaddeen, ɗalibin shari'a da yake ja mana salla in an yi taro. Na roƙe shi ya tara mutane a yi wa Kalilu sallar gawa ko da babu gawar. Ya gyara hula, ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya ba a yi wa wanda ba ya nan salla, balle ma mutuwar ba ta tabbata ba. Abin da ke littafi ya faɗa, ban ƙaryata shi ba. Amma duk maganar nan idonsa yana kan tabarma, kuma kowa ya san Alhaji Maitama ne yake bin takardun zuwan matarsa. Na yi masa godiya, na sa takalmina.

Makcik Salmah, tsohuwar da ke sayar da nasi lemak, shinkafarsu ta ruwan kwakwa, a ƙasan beninmu, ita ta tsare ni washegari ta tambayi dalilin ramata. Da guntun Malayancina da guntun Turancinta na ba ta labari. Ta ajiye ludayi ta riƙe hannuna.

“*Boleh lah*,” ta ce. “Ana iyawa mana. Mu nan kusan duk Juma'a muna yi wa wanda ba ya nan salla. A ba liman suna, shi ke nan.”

Sai a lokacin na tuna mutanen nan Shafi'iyya ne. Sau da yawa na ji an idar da Juma'a an sake yin kabbara huɗu, ban taɓa tambayar ta mece ce ba.

Mijinta ne ladanin masallacin unguwa, shi ya kai mu wajen liman ranar Alhamis bayan la'asar. Dattijon ya saurari saƙon muryar, na fassara masa. Ya kalli hotunan da na tsinka ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba. Ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce shekara shida muna aure, kuma gane abu daga sama shi ne aikina. Ya miƙo mini takarda da biro. Na rubuta Kalilu bin Ja'afar. Ya ce me zai ce game da yadda ya rasu, na ce ya faɗe shi yadda yake.

A wannan masallacin yawancin 'yan Najeriya na Wangsa Maju ke Juma'a, kuma Alhaji Maitama ba ya wuce sahun farko. Ban gaya wa kowa ba. Ni da Makcik muka tsaya a waje kusa da masu sayar da lemo, inda ake hango ciki saboda gefen masallacin a buɗe yake. Rana tana dukan lemar Makcik, gumi yana bin bayana.

Aka yi sallama. Liman ya ɗauki lasifika ya yi magana da Malayanci, sannan ya maimaita da Turanci don 'yan'uwan mamacin su ji. Ya ce za a sallaci Kalilu bin Ja'afar, ɗan Najeriya, mazaunin wannan unguwa, wanda aka kai shi yaƙi da sunan aikin tuƙi, jirgi marar matuƙi ya kashe shi, ba a samu gawarsa ba.

Mutanen gari suka miƙe kamar yadda suka saba, suna gyara sahu. Namu suka tsaya suna kallon juna, sannan duk suka juya suna kallon mutum ɗaya. Alhaji Maitama ko dai ya ɗaga hannu ya sallaci wanda ya rantse yana raye, ko kuma ya fita. Fitar ya zaɓa, sai dai daga sahun farko zuwa ƙofa tafiya ce. Ya yi ta ratsa mutane da babbar rigarsa yana ba da haƙuri, sahu bayan sahu, kowa na ganinsa. Malam Sharfaddeen ya bi shi da ido har ya wuce, sannan ya matsa ya cike gurbin da Alhaji ya bari.

A bakin ƙofa Alhaji ya hango ni. Ko takalmi bai gama sawa ba ya nufo ni.

“Ke kika yi wannan? Kin kashe mijinki da bakinki a gaban baƙi?”

“Alhaji, salla ake yi,” na ce. “Ko ka shiga sahu, ko ka yi mana shiru.”

Liman ya yi kabbarar farko, ɗaruruwan mutanen da ba su taɓa sanin Kalilu ba suka amsa. Na bi su da leɓena har ta huɗu. Ban san lokacin da Alhaji ya bar wajen ba, ban kuma waiwaya ba.

Da aka watse, namu suka fito a hankali, suka taru nesa kaɗan suna jan ƙafa. Muntasir ne ya fara ƙarasowa. Ya cire hularsa, ya rusuna a gabana, idanunsa jajur.

“Malama Bashira, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Kalilu.”

Kwana goma sha bakwai nake jiran wani ya ce mini haka. Na buɗe baki in ce masa da godiya, sai kuka ya riga ni.