Shirwa Ba Ta Zama a Kujera

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta komai ba in ban da aikin makaranta. Labarin ne ya ƙi barina in yi barci.

Kawuna mai hoto ne. Shekara ashirin yana ɗaukar fasfo a wani ɗan shago mai shuɗin labule da kujera ɗaya. Wata rana telan da ke maƙwabtaka da shi ya ce masa a gaban jama'a, "Kai ai sai abin da aka zaunar maka. Ko ƙuda ba ka iya ɗauka in yana tashi."

Kawu ya rantse sai ya liƙa hoton shirwa a ƙofar shagon kafin sati ya zagayo.

Da ni ya tafi bayan gari, don ina da littafin tsuntsaye. Littafin ya ce a sa nama a kan kututture, a ɓuya, a yi shiru. Muka ɓuya bayan labulen shago da ya ɗaura tsakanin itace biyu. Awa uku tururuwa na cina, ina jin kunyar sosawa.

Da shirwa ta sauka, Kawu ya leƙa kyamara, ya gyara murya.

"Ɗan ɗaga haɓa, Hajiya."

Ta tashi da naman.

"Kawu, littafin ya ce..."

"Na sani, 'yar boko. Baki ne ya saba."

Ta biyu da ta zo ya daure, har ya fara ƙirga mata ɗaya, biyu. Ba ta jira uku ba.

Saura tsoka ɗaya. Kawu ya ce laifin haske ne, ba a zaunar da mutum rana na bayansa. Ya ce in tsaya jikin kyamarar kada in taɓa komai. Ya fita fili, ya ɗaga tsokar sama yana juya ta, yana neman inda haske ya fi. Sai wata inuwa ta faɗo masa. Na tsorata, na rungume kyamarar, na ji ta ce ƙyas.

Washegari hoton na ƙofar shago. Ga shirwa fukafukai a baje, kana iya ƙirga gashinta. Ƙasa da ita ga Kawu, baki a wangame, hula na shirin barin kai. Ya so ya yanke kansa daga ciki, amma faratanta na daidai yatsunsa.

Jama'a suka taru. Tela ya zo da tef ɗin awo a wuya, ya daɗe yana kallo.

"Na janye maganata, hoto ya yi," in ji shi. "Amma maigida, tunda ga ka a ciki, wa ya danna?"

Kawu ya shiga tari. Mutane suka matsa suna jiran amsa. Ni kuwa na rungume littafina, na bi ta bayan keken ɗinkin tela, na sulale.