Igwa Ta Ashirin da Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya Mbaraka bin Sudi ya yi a jiragen yaƙin Sarkin tsibirin Unguja kafin a yi masa alkawarin jirgi nasa na kansa. Ya wanke daɓe, ya ja igiya, ya rasa yatsa biyu a bakin tsibirin Pemba, har ya zama mataimakin shugaban jirginsu, Nahoda Hilali. Saura kwana uku a naɗa shi sai ga jirgin yaƙin Turawa ya shigo da hantsi, aka aiko daga fada a yi masa gaisuwar igwa ashirin da ɗaya.

Nahoda yana fada, da makullin ɗakin albarushi a ɗamararsa. Mutum ne mai hannun jarirai, ya auna na bugu ashirin da ɗaya cif ya bari. Kowa kuwa ya san gaisuwar da ba ta cika ba zagi ce, gara a ce ba a fara ba.

Mbaraka ya tsaya yana ƙirga, Mzee Feruzi babban mai igwa yana bin layi da wuta a hannu. Tsohon nan shi ya karɓi Mbaraka ran da ya fara hawa jirgi, shi ya koya masa komai har da zagi. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, mantuwa ta fara yi masa yawa, amma wa zai faɗa masa?

A bugu na sha bakwai Feruzi ya ɗaga hannu ya share gumi, sai Mbaraka ya ga abin da yake sharewa da shi. Jan ƙyalle ne. A jirginsu igwar da ke da curin ƙarfe a ciki ita ake ɗaura wa jan ƙyalle, kuma ɗaya aka bari a ɗure tun da suka dawo daga korar 'yan fashi, ta ƙarshen layi. Ya duba, ba komai a wuyanta. Bakinta yana kallon jirgin baƙi, a tsakani ga kwalekwalen masu tallar lemo da kwakwa sun yi cincirindo.

Wataƙila tsohon ya fitar da ƙarfen kafin ya kwance ƙyallen, wataƙila kuma zafi ne kawai ya dame shi. In ya tambaya a gaban mutane ya gama da shi, don laifi irin wannan marin ƙarfe ne a ƙafa da kurkukun ganuwa, Feruzi kuwa ba zai yi wata guda a ciki da rai ba. Sha tara ta tashi. Ashirin ta tashi. Tsohon ya miƙa wuta ga ta ƙarshe.

Mbaraka ya ce, “Shi ke nan, Mzee. Ta cika.”

“Ashirin ce, maigida.”

“Na ce ta cika.”

Feruzi ya janye wuta. Can suka ji Turawa sun fara ramawa, suka kai ashirin su ma suka tsaya. Mbaraka ya kora kowa gaban jirgi, ya zura ƙugiya cikin bakin igwar ta ƙarshe. Ƙarfen ya gangaro, baƙi, kamar kan jariri. Ya sake shi cikin teku ba wanda ya gani.

Nahoda Hilali ya iso yana huci, ya ce an ci mutuncinsa a fada, babban Baturen jirgin baƙi ya ƙi sauka, kuma yana son ya san laifin wa ne. Mbaraka ya ce nasa ne, ƙirga ce ta kuɓuce masa. Nan take aka karɓi takobinsa, maganar jirgi kuwa ba wanda ya sake tayar da ita. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya ji kamar ya faɗi gaskiya, amma ya haɗiye.

Yana sauka cikin kwalekwale da ƙunshin kayansa Feruzi ya biyo shi, idonsa ya cika da ƙwalla.

“Haba ɗana, ni da na koya maka ƙirga? Ka ba ni kunya yau.” Ya dube shi, sai ya ji tausayinsa, ya miƙa masa jan ƙyallen. “Ungo, share fuskarka kada su gani.”

Mbaraka ya karɓa ya share, ya ce ya gode.