Kalmar Sirrin da Na'ima Ta Canza

Na'ima ba ta taɓa kama Sharhabilu da laifi ba, kuma wannan ne ya fi ba ta haushi. Su biyu ne masu rubuta manhaja a ofishin wata ƙungiyar makiyaya da ke Dutse. Ita ta rubuta manhajar da ke tura wa makiyayan Miga, Taura da Garki saƙon murya a waya, ta faɗa musu ranar allurar dabbobi. Shi ma ya so a ba shi aikin, aka ba ta.

Yadda manhajar ke aiki babu wuya. Akwai babban aiki guda da ba ya tsayawa, masu sana'ar suna kiransa uwa. Duk kiran da za a yi, sai uwar ta haifi ƙaramin aiki, wato ɗa, ya buga wayar, ya gama, ya mutu. Na'ima na alfahari da ita kamar me.

To amma kusan kullum ta dawo daga sallar azahar sai ta tarar da Sharhabilu gaban babbar na'urar da manhajar ke aiki a kanta. Yana jin takunta zai miƙe, yana murmushin nan nasa mai sanyi.

"Me kake nema a nan?" ta tambaye shi wata rana.

"Ba komai, 'Yar Malam. Leƙawa kawai na yi."

Haka yake kiranta, don a makarantar mahaifinta ya sauke Alƙur'ani. Ita kuwa ladabin nan ya fara yi mata kama da na mai ɓoye wani abu. Da ta duba, sai ta ga an kashe uwar an sake tayar da ita. Washegari ma haka. Mutum ya riƙa kashe maka aiki a ɓoye, yana durƙusa maka a fili? Ta yanke cewa so yake manhajar ta lalace a ce ta kasa. Ba ta yi masa magana ba. Ta canza kalmar sirrin na'urar.

Ya gwada shiga, ya kasa. Ya dube ta kamar zai yi magana, ta kau da kai, shi ma ya haɗiye. Ranar ta ji daɗi har cikin ranta.

Ana nan aka sa ranar allura a Garki, don ciwon huhu ya fara taɓa shanu a wasu rugage. Na'ima ta loda saƙon da yamma ta tafi gida. Ranar allurar da hantsi likitan dabbobi ya kira ta: ga su a fili da allura cikin ƙanƙara, babu saniya ko ɗaya. Ba wanda aka kira. Makiyaya sun kaɗa garkensu daji tun da sassafe.

Ta ruga ofis. Na'urar ta ƙi haifar ko ɗa guda, wai babu sauran gurbi. Ta juya kan Sharhabilu.

"Me ka yi mata?"

"Tun da kika canza kalmar ban taɓa ta ba."

"To da can me kake yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Uwar ba ta jiran 'ya'yanta. Idan ɗa ya gama ya mutu, sai ta karɓi sakamakonsa kafin na'ura ta saki gurbinsa. Taki ba ta karɓa, gawarwakin sai su yi ta taruwa. In na kashe ta na tayar, sai a kwashe su."

Ta duba. Ga su nan reras sun cika allon. Layin umarnin da zai sa uwar ta jira 'ya'yanta ne ta manta ba ta rubuta ba.

"Kuma ba za ka buɗe baki ka faɗa mini ba?"

"Na yi niyya ba sau ɗaya ba. Ta yaya zan dubi 'yar malamina in ce ta yi kuskure?"

Haushi ya turnuƙe ta, nasa da nata, ta rasa wanne ya fi. Ta gyara layin, kira ya fara fita, wayoyi na ta ringin a aljihun mutanen da suka yi nisa da gari. Likitan ya sake bugowa, ya ce ƙanƙarar ta narke, za su juyo Dutse. Na'ima ta tura wa Sharhabilu allon madannai, ta faɗa masa sabuwar kalmar a hankali, ba ta iya kallonsa ba.