Zanen Zumunta

Dattijo Audu ya ɓace sau biyu a lungunan unguwar Sheshe kafin wata mai ƙosai ta nuna masa gidan. Shi ne shugaban kwamitin ziyarar marasa lafiya na cocinsu da ke Sabon Gari, amma sai yau ƙafarsa ta san inda Kande take jinya, yau ɗin da aka aiko cewa ta rasu.

Kande ce mai sharar coci tun mijinta yana raye. Da shanyewar jiki ta kama ta, ƙanwarta Hasana, Musulma, ta ɗauko ta zuwa cikin birni. Kwamiti ya zauna a kan maganarta har sau da dama, an kuma sha lemo.

A soro ya tarar da maigidan, Malam Salihu, yana leƙen bayansa.

"Sauran suna tafe?"

"E to... ana sujadar godiya ne a coci. Ɗan cocinmu ya ci kansila, ka san soja sun koma bariki. Ana rigimar wa zai zauna a gaba."

"Ikon Allah. To ga zafin nan, Malam. Mu ba ma kwana da gawa, maƙabartarmu kuma ka san ba hali. Mota ba ta shiga lungun nan sai bakin titi."

Aka yi masa iso. Kande tana kwance kan tabarma, fes, ɗaure da zanen zumuntar matan coci, da ɗankwalinsa. Hasana ta ja mayafi.

"Na yi mata wanka irin namu, ban san naku ba. Sai dai na rasa inda zan juya fuskarta. Ku ina kuke kallo?"

Audu ya buɗe baki. Shi da ya haddace tsarin mulkin coci sashe-sashe, har ana tsoronsa a taro.

"Sama," ya ce da ƙyar.

"Zanen kuwa ita ta saba min. Kowace Lahadi sai ta ce, 'Ɗaura min, 'yan'uwana suna zuwa in an tashi.' In la'asar ta yi in kwance, in ninke. Yau dai na ce ba zan kwance ba."

Babu zargi a muryarta. Da ma da zargin, da ya san amsar da zai bayar.

Malam Salihu ya ciro ƙyauren ɗaki, aka shimfiɗa bargo a kai, aka ɗora ta, aka lulluɓe ta. Audu ya dubi babbar rigarsa da aka sa wa sitati domin kujerar gaba, ya tuɓe ta, ya rataye a igiyar shanya.

"Kama wajen kai, Malam, kai ka san hanyarku," in ji Malam Salihu.

Audu ya tattara ƙarfinsa ya ɗaga, har ya kusa faɗuwa ta baya. Ba ta da nauyi ko kaɗan.