Magudana Mai Gwiwa

Sau uku Mikiya tana ɗora hoton yau a kan na watan jiya, sau uku abu ɗaya yake fitowa a allon kwamfutar. A gabashin dausayin, inda doka ta hana noma da gini, koren ciyawar ruwa ya ɓace. Wani fili mai kusurwa huɗu ya maye gurbinsa, baƙi wuluk da sabon kaftu.

Shekara shida ke nan tana wannan aiki a hukumar kula da dausayi. Tauraron ɗan'adam ya ɗauko hoto duk kwana biyar, ita ta duba inda aka yi ɓarna, ta rubuta rahoto, masu gadin daji su tafi. Kaifin idonta ne ya sa 'yan ofis suka laƙaba mata Mikiya, kuma gaskiya sunan yana mata daɗi.

Ta ƙara girman hoton. Magudanar da aka haƙa don janye ruwan ba ta miƙe ba. Ta tafi ta karya kamar gwiwar hannu, ta sake karyawa. Mutum ɗaya ta sani da ke haƙa irin wannan, wai don kada ruwa ya gudu da ƙasa: kawunta, yayan mahaifiyarta, wanda ya riƙe ta tun tana 'yar shekara bakwai. Gonarsa ta gado tana gab da turakun iyaka.

Abin da ya fi ci mata rai, bakinta ne ya jawo. Da ta je hutu ta zauna tana burga, tana ba da labarin aiki, har ta ce in gajimare ya rufe sama su ma makafi ne. Kawu yana zuba shayi ya tambaya, kamar ba komai, “Har kwana nawa yakan rufe?” Ita kuwa gwana ta ce wani lokaci sati uku.

Dogo, abokin aikinta, ya turo kujerarsa mai taya ya leƙo.

“Kin kama wani ke nan? Oga fa ya ce a miƙa rahoto kafin sha biyu.” Ya ƙanƙance ido. “Ga guntun gajimare a gefe. In ba ki tabbata ba, ki sa ba a gani sosai ba, a jira hoto na gaba.”

“Bari in sha iska,” ta ce.

Ta san abin da jiran kwana biyar zai haifar. Bakin magudanar saura ƙiris ya kai babban tafkin da tsuntsaye ke ƙyanƙyasa, kuma da zarar maƙwabta sun ga an ƙyale mutum ɗaya, shi ke nan. Ta kuma san abin da rahoto zai haifar: a cike magudanar, a tumɓuke shukar, a kira tsoho gaban hukuma.

A kan matakalar bene ta tsaya ta kira Kawu a waya. Suka gaisa.

“'Yar boko,” in ji Kawu. “Sama ta washe ko?”

“Ta washe, Kawu.”

Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda aka kama hannu dumu-dumu. “Gonar tudu ta daina ba da komai, kin sani. Bara buhu huɗu na ɗauka. Can kuwa ƙasa baƙa ƙirin, ruwa na kwance yana kallona.”

“Na sani. Amma ai da bakina ka yi amfani.”

“Da shi na yi. Ban kyauta ba.” Ya numfasa. “Ba yadda za a yi?”

“Akwai,” ta ce. “Sai dai in na yi yau, gobe ba ni da idon kallon gonar kowa.”

Ta ji kukan akuya a bayansa, da muryar matarsa, Inna, tana tambayar wa ke magana. Kawu ya rage murya.

“To, yi aikinki. Abu ɗaya nake roƙo, kada Innarki ta san ke ce. Ita ta dasa rabin irin nan da hannunta, ga ciwon baya. Zan ce mata na'ura ce ta gani. Na'ura ba ta da kawu.”

Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma bai sake ta ba. Ta koma ta zauna, ta zagaye filin da jan layi, ta rubuta girmansa, eka biyu da rabi, ta sa ranar hoton. Dogo ya kalli allon, ya kalle ta, ya ja kujerarsa ya koma teburinsa.

Takardar tana fita daga injin bugawa kwafi biyu, ɗaya na ofis, ɗaya wanda masu gadi za su miƙa a ƙofar gidan mai gonar. A ƙasa akwai layin da ba a barinsa fayau: sunan jami'in da ya tabbatar. A gidan kuwa Kawu bai iya karatun boko ba, duk takardar da ta shigo Inna ce ke karanta masa.

Mikiya ta ɗauki biro ta rubuta sunanta cikakke.